Wanda Ya Zana Hatimin Alhaji

Dukkanmu na Allah ne, kuma Baba Ƙarami, ƙanen mahaifina, ya riga mu amsa kira. Ina rumfata a kasuwar Arzèkè ta Parakou da hantsi, ina yayyafa wa goro ruwa, sai ga direban gidanmu ya tsaya a kaina bai yi sallama ba. Rashin sallamar nan ya gaya mini komai. Na rufe faranti, na bar wa maƙwabciyata rumfa, na shiga motar Djougou da zanen kasuwa a jikina. Ban same shi ba. Aka ce tun muna wajen Onklou, inda motar ta tsaya ana zuba mata ruwa, aka gama rufe shi.

Gidanmu ya cika har waje. Na zauna cikin mata ina sauraro, kuma duk wadda ta buɗe baki sai in ji raina ya ƙara ɓaci.

"Allah sarki, bawan Allah. Ko da kaza bai taɓa faɗa ba."

"Wa za ya riƙa yi ma yara zanen allo yanzu?"

"Ai ya ci albarkacin wansa. Da ba don Alhaji ba, mi za ya ci?"

Ta bayan katanga kuma na jiyo wani dillalin shanu da ya zo daga Parakou yana tambaya, a tsammaninsa a hankali yake magana: "Wane ƙanen ya rasu? Mai fentin nan?" Aka ce masa shi ne. Ya ce, "Ayya," ya koma zancen farashin bijimai.

Maza suna zaure, sun jingina da huhunan goro suna yi wa Baba, wato Alhaji mahaifina, gaisuwa. A jikin kowane huhu akwai farin ƙyalle mai zanen fure, wanda daga Djougou har bakin kogi a Malanville ake kira hatimin Alhaji. Wasu in sun tashi tafiya sai su shafa ƙyallen su shafa fuska. Mutum ɗaya kawai na ga yana kukan da ya fito daga ciki, wani tsohon maƙeri. Ya zauna a ƙasa can gefen kwata, ba wanda ya miƙa masa tabarma. Ni da shi da Baba, mu uku muka san abin da aka binne a ranar, kuma a cikinmu ba wanda ya ce uffan.

Mu jikokin fatake ne. Kakan Baba madugu ne, yana kawo goro daga Gwanja a kan jakuna, ya yada zango a Djougou har ya yi gida. A zamaninsa madugu tare yake tafiya da kayansa, komai yana kansa. Goro kuwa ba ya yafe mantuwa. Duk mako sai an kwance huhu, an tsince mai sankara, wato wanda tsutsa ta shiga, an sake ganyen da aka naɗe shi, an yayyafa ruwa. Ka tsallake mako biyu, ka zubar.

Da aka sami 'yancin kai sai kowace ƙasa ta kafa shingenta. Kamyo, babbar motar kaya, ya kwana uku a hannun 'yan duwan masu karɓar harajin kan iyaka, a sauke kaya a Djougou, wani direba ya ɗauka zuwa Parakou, a sake saukewa, wani ya wuce da su arewa. Huhu ɗaya ya bi ta hannun mutum shida, wannan Dendi yake ji, wancan Yom, wancan Barganci, kuma ba wanda ya san ranar da aka ɗaure shi. Baba ya gwada rubuta takarda da ajami yana cusawa a igiya. 'Yan dako suka riƙa naɗe taba da ita. Yayana, da ya yi lakwal, wato boko, a Cotonou, ya rubuta da Faransanci, aka naɗe taba da Faransanci. Akwai shekarar da na ga an juye rabin kamyonmu a bayan kasuwa, awaki suka shinshina suka wuce. A shekarar ne Baba ya fara zancen sayar da filin da kakansa ya ɗaure jakuna.

Ba wanda ya yi tunanin tambayar Baba Ƙarami, don shi ne abin kunyar gida. An kai shi makarantar allo, ya sauke, amma hankalinsa ya fi karkata ga zayyana, zanen adon nan da ake yi wa allon mai sauka. Ya ƙi fatauci. Ya tafi Parakou ya sami aiki a tashar jirgin ƙasa yana rubuta lamba a jikin taragai. Yatsunsa kullum shuɗi ne. In kana masa magana sai ya tsinci kara yana zane a ƙasa, ka yi zaton ba ya jinka, bayan kwana uku ya maimaita maka maganarka kalma da kalma. A jakar da maza ke zuba goro shi kompa yake ajiyewa, ƙarfen nan mai ƙafa biyu na zana da'ira, wanda wani mai zanen taswira a tashar ya ba shi. Kuma jikan madugu ne, amma ba ya cin goro. Wai yana sa masa rawar hannu.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka shi da Baba duk "Uwata" suke kirana. Da aka kawo ni aure unguwar Guéma a Parakou, ɗakinsa bai fi taku ɗari da gidan mijina ba, a wajena yake cin tuwo. Wata rana na kai masa abinci tasha, na tarar da shi tsaye yana kallon mai ɗaga tuta.

"Uwata, diba can," ya ce. "Mai tuƙin jirgin nan ɗan kudu ne, mai tuta ɗan Bargu ne. Ko gaisuwa ba su iya yi ma juna. Amma jan ƙyalle guda ya tsai da wanga ƙarfe duka. Mu kuma mun kasa tsai da tsutsa."

Na ce ya ci tuwonsa kafin ya huce. Washegari sai ga shi a rumfata. Kwana biyar yana zuwa bayan ya tashi aiki, ya zauna a kan buhu yana damuna da tambaya. Kwana nawa ganye yake yi kafin ya bushe? Da me kike gane marsa, manyan goro, ba ki kwance ba? In ɗan dako ya zo ɗaukar huhu, ina idonsa yake fara sauka? Matan kasuwa suka fara tsokanarsa, wai ko shi ma faranti zai ɗauka. Ya ce musu in sun ba shi zane zai ɗaura.

Abin da ya fito daga tambayoyin nan shi ne furen. Fure ne mai ganye bakwai, kowane ganye rana ɗaya ta mako, Juma'a a sama. Ganyen da aka cika da launi shi ne ranar da aka ɗaure huhu. Ja na manyan goro ne, rawaya na ƙanana. A tsakiya, in ka ga layi uku masu lanƙwasa kamar ruwa, kayan bakin kogi ne, in tsani ka gani, na tashar Parakou ne. A kusurwa huɗu akwai gidaje huɗu fanko. Duk wanda ya kwance huhu ya sake ganye, sai ya tsoma babban yatsa a shuni ya dangwala a gida ɗaya. In ranar furen ta zagayo gidan yana fanko, ko kurma ya san aiki ya yi. Da'irar daga kompa ta fito, launin daga allo, dabarar daga mai tuta, lissafin kwanakin daga bakina da na matan Arzèkè. Shi da kansa yake cewa ba abin da ya ƙirƙira, baƙi huɗu ya zaunar a tabarma ɗaya.

Don kada ya yi ta zana ɗaya bayan ɗaya, ya tafi Djougou wajen maƙerin nan, suka fasa garwar kananzir, suka yanke siffar furen a jikinta. A ɗora a kan ƙyalle, a shafa launi, a ɗaga. Mako biyu ya yi a maƙera yana zuga wuta da hannunsa. Gwaggona ta rufe kanta a ɗaki ta yi kuka, ta ce jinin madugu ya koma zuga-zugi, gara ma a ce mata ya sha giya. A wajenmu fatake ba sa zama da maƙera, wuƙa kawai suke saye a hannunsu.

Duk wannan ya faru Baba yana Makka. A lokacin tafiyar watanni take ci. Kafin ya dawo, kamyo uku sun isa Malanville, aka kwance, goro yana sheƙi kamar yau aka ɓare shi. Ranar da ya sauka aka cika zaure ana barka da zuwa, ni ina kai ruwa. Wani babban ɗan kasuwa ya ɗauki ƙyallen da hannu biyu, ya ɗora a goshinsa.

"Alhaji, ashe abin da kat tahi nema ke nan. Wane malami ya ba ka wanga hatimi a Makka?"

Baba ya dubi ƙyallen. Da safiyar ranar ya fara ganinsa a duniya. Ya dubi ƙanensa, wanda yake durƙushe riƙe da buta. Sannan ya gyara sabon rawaninsa ya ce, "Allah shi ka bayarwa." Zaure ya ɗauki kabbara. Baba Ƙarami ya sunkuyar da kai yana dariya har kafaɗunsa na rawa, ni ma na fita da gudu ina toshe baki. Mun ɗauka wasa ne, zai wuce kafin Juma'a. Ya yi shekara ashirin bai wuce ba.

Ba wanda ya tsaya ya ce ai furen ya riga Alhaji isowa. Aka ce aiko shi ya yi. 'Yan dako da suka san gaskiya, in sun faɗa sai a yi musu dariya. Wa zai yarda sirrin arzikin gida guda shi ne a sake ganye kowane mako? Ai kakar kowa ta san wannan. A hankali su ma 'yan dakon suka koma cewa sharaɗin hatimi ne, yana son a buɗe shi a ranarsa a dangwala masa yatsa.

Gida ya tashi. Ba a sayar da filin jakuna ba, gini ma aka yi a kansa. In huhu ya ƙare, mata masu sari suka riƙa wanke ƙyallen suna rufe farantinsu da shi don kyansa, sai ga furenmu a kowane lungu na Arzèkè. Mai saye ya zo ya ce shi goron mai fure yake so. Na taɓa ce wa Baba Ƙarami ya rage adon gefen nan, ɓata lokaci ne, tunda ba ya nufin komai. Ya harare ni.

"In abu ya yi muni ba a kallo nai, in ba a kalle shi ba ba a karanta shi. Kin taɓa ganin ɗan dako ya taka wanga? Takardar yayanki fa, ina take?"

Baba ya sa ƙanensa ya bar aikin tasha ya dawo Djougou, aka ba shi ɗakin bayan rumbu. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa ya gaida wansa, ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa. Mutane suna cewa, ka ga ƙane mai ladabi. Gaya masa yake yi huhunan da za a kwance a ranar da waɗanda za a ɗora, don Baba ya fita ya nuna da sanda kamar shi ya karanta. Bai taɓa bari wansa ya ji kunya a gaban 'yan dako ba, ko sau ɗaya.

Sauran 'yan goro suka shiga kwaikwayo. Suka kai wa malamansu ƙyallen, aka zana musu shi tsaf, ganyen Alhamis a cike, don wanda suka samu na Alhamis ne. Ko wace rana suka ɗaure, Alhamis. Gidaje huɗun ma da yatsu a ciki tun daga farko. Goronsu ya ci gaba da ruɓewa, aka ƙara tabbata cewa albarkar a hannun Alhaji take. Maƙwabcinmu, abokin Baba tun na ƙuruciya, ya zo da hawaye yana roƙon a ba shi na gaskiyar. Baba ya tofa addu'a a ƙyalle ɗaya ya ba shi.

A kan wannan suka yi faɗansu, kuma shi kaɗai ne na sani. Na zo ganin gida, ina tsakar gida da la'asar na jiyo su a rumbu.

"Yaya, bar ni in koya mai. Yini guda ya isa."

"In ka koya mai, gobe garin ga duka ya san ba hatimi ba ne. In sa fuskata ina?"

"Ban roƙe ka suna ba, riƙe abinka. Amma ka san mata na jiƙa ƙyallen ga suna ba yara ruwan in suna zazzaɓi? Fentin tarago ne, Yaya! Guba suke ba ɗiyansu da sunanka!"

"Sai ka sake launi. Tun kakanninmu, abin da ƙane ya yi na wa ne. Gida ɗaya, suna ɗaya. Ni na rufa maka asiri da kat tahi ka zauna a maƙera. In ka buɗe baki, ban yafe ba, duniya da lahira. Magana ta ƙare. C'est fini."

Baba Ƙarami ya fito ya wuce ni bai gan ni ba. Wata guda ya yi yana dafa saiwoyi da ɓawon itace a bayan rumbu, har ya sami ja da rawaya waɗanda ko an sha ba sa cutarwa, kuma ba sa zuba a ruwan sama. Shi ya fara sha da kansa kafin ya shafa. Wannan ya gyara. Maƙwabcin kuwa bai koya masa ba. Mutumin ya sayar da gidansa ya koma Ghana wajen ɗansa, can ya mutu. Ina son Baba Ƙarami, amma wannan ina jin haushinsa a kai har yau. Haƙurin da masu gaisuwa suke yabo, akwai wanda ya rasa gida saboda shi.

Nawa laifin ya fi nasa. Bayan an sauya wa ƙasa suna, lokacin mulkin juyin juya hali da kowa ya zama camarade, wani ma'aikaci ɗan kudu ya tsaya a rumfata da littafi a hannu. Goro ya zo saye, idonsa ya sauka a kan ƙyallen. Ya juya shi, ya ƙirga ganyen da yatsa, ya dubi kusurwoyin. Kafin in gama ƙulla masa goro ya gane abin da garinmu ya kasa ganewa a shekara goma da wani abu.

"Mais c'est un calendrier!" ya ce, wato ai wannan kalanda ce. Ya koma gurguwar Hausa. "Camarade, wa ya yi wannan? Muna neman irin mutumin nan. Doya tana ruɓewa a rumbu, kaɗanya tana ruɓewa, manoma ba su karatu. Za mu ba shi wurin aiki, ya koya wa mutane."

Matan layinmu duk sun kasa kunne. Rabin masu sayen gorona don hatimi suke zuwa. Surukata tana rumfa ta uku. Na san sunan da ya kamata in faɗa, yana kan harshena.

Na ce, "Na Alhaji ne, babana. Daga Makka ya zo da shi."

Mutumin ya dube ni kamar bai yarda ba, amma ya rubuta. Ya bi har Djougou. Ya yi wa Baba tambaya biyu, Baba ya kasa amsa ko ɗaya, sai ya tashi da faɗa wai an zo ana yi wa abin addini izgili, ya sa aka raka shi waje. Baba Ƙarami yana bayan rumbu yana shanya ƙyalle, ya ji komai.

Da na je gida bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gadonsa ya nuna mini. Zanen doya ne, da na kaɗanya, da na busasshen kifi, kowanne da siffarsa, ya yi su tun shekaru ba wanda ya sa shi.

"Ba komi, Uwata," ya ce. "Kina da kasuwa, kina da surukai. Ni dai na so in gani ko shina yi a kan doya. Doya ba mako take bi ba, wata take bi. Na daɗe ina son in san ko na yi daidai."

Ya mayar da kwalin. Bai ƙara ɗaga zancen ba, ni ma ban ƙara ba, kuma na ci gaba da kai masa ƙosai duk zuwana kamar hakan zai biya.

Da idonsa ya fara rauni, yayana ya sa aka yi tambarin roba a Cotonou, furen da baƙar tawada, sunan Baba a ƙasa da manyan haruffa. Ya kawo da alfahari, wai an shiga zamani. Baba Ƙarami ya kai shi kusa da ido ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ganye shida ne." Yayana ya ce ba wanda zai ƙirga. Aka yi wata biyu ana bugawa, 'yan dako suka rasa inda Talata take, aka koma kan garwar maƙeri ba tare da an ce masa sannu ba. Ƙarshen rayuwarsa, in ya gama aikin ƙyalle, zayyana yake yi wa masu sauka da hanci kusan a kan allo. Ba ya karɓar komai sai addu'a.

Ranar bakwai da rasuwarsa, bayan mutane sun ragu da yamma, na sami Baba shi kaɗai a rumbu. Yana riƙe da ƙyalle a juye, Juma'a tana ƙasa. Ya tsufa a mako ɗaya.

"Uwata," ya ce, "wanga na ina ne? Direba na jira, ban san abin da zan ce mai ba."

Na karɓa na juya masa, na ce na bakin kogi ne, gobe za a kwance shi. Sannan na durƙusa. Ban taɓa amfani da sunan da suka ba ni ba sai ranar.

"Baba, kun ce ni uwarku ce. To uwarku na roƙo. Ba ya nan, ba abin da zai ci da shi. Ku faɗa a gaban jama'a cewa shi ya yi. Kada ya tashi gobe kiyama garin ga na kiransa mai fenti."

Ya yi kuka, kukan tsoho wanda ba sauti. Ya ce shi ma abin yana cinsa, ba tun yau ba. Ya ce in Allah ya kai mu sadakar arba'in, a gaban liman da 'yan kasuwa zai faɗa da bakinsa. Ya riƙe hannuna ya yi alkawari. Na yarda da shi. Na aika wa maƙerin cewa ya zo ranar, ya zauna kusa, zai ji abin da zai faranta masa.

Ranar arba'in tun da safe zaure ya cika, har da 'yan goron Parakou da na Malanville. Na tsaya a bakin ƙofar cikin gida riƙe da farantin masa. Liman ya shafa addu'a. Baba ya yi gyaran murya, aka yi tsit. Ya dubi manyan rigunan da suka kewaye shi, mutanen da shekara ashirin suke ɗora ƙyallensa a goshi.

"Jama'a," ya ce, "ina da shaida a kan ƙanena. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya yi mini biyayya har ya koma ga Allah. Kuma ku sani, duk shekarun ga, shi ka shafa ma hatimina launi."

Aka ce Allahu akbar, aka ce Allah ya ba mu ƙanne irinsa. Maƙerin ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya dube ni sau ɗaya, ya tafi.

Taku uku ne tsakanina da tsakiyar zaure. Na yi su. Na riga na shirya maganar tun a mota, gajera ce, ba ta kai numfashi biyu ba. Maza suka waiwayo suna mamakin mace a tsakiyarsu. Baba ya ɗago ya dube ni, idonsa jajur. Na ga tsoho mai shekara tamanin wanda ba shi da komai a duniya sai wannan ƙaryar. Na durƙusa na ajiye faranti.

Na ce, "Baba, ga sadaka."

Allah ya jiƙanka, Baba Ƙarami. Allah ya haskaka kabarinka, ya ba ka a can abin da muka hana ka a nan, ya yafe maka shirun da ka yi, don namu ya fi shi nauyi. Kai ka zana furen. Ba daga Makka ya zo ba. Wanda duk ya ci goron gidanmu da daɗi, hannunka ya ci.

Na faɗa yanzu, a takarda. Baba yana da rai, yana zaune a zaurensa ana shafa ƙyallensa. Na rubuta da Hausar boko ne don na san ba ya karanta ta, yayana kuma ya raina ta, ba zai duba ba. Iyakar jarumtata ke nan.